Layukan da Ba Su Kai Maɗaba'a Ba

A shekarar 1986 kamfanin ɗab'i na Casterman ya fitar da wani littafi da ko shafi ɗaya bai kammalu a cikinsa ba. Labarin zane ne na ƙarshe na Tintin, wani yaro ɗan jarida, wanda mai zanensa, Hergé ɗan ƙasar Beljiyam, ya rasu ya bari a watan Maris na 1983. Babu launi, babu shafin da aka bi da tawada aka tsabtace. In ka wuce 'yan shafukan farko, mutanen da ke ciki ba su wuce da'ira da 'yan layuka ba, sai ɗan tsinin gashin goshi da zai sa ka gane wannan Tintin ne. Labarin ma yankewa ya yi a daidai inda aka taso ƙeyar yaron da bindiga, za a je a kwarara masa narkakkiyar roba a mai da shi gunki. Duk da haka mutane suka saya, aka fassara shi, aka sake buga shi a 2004, kuma har yau ana karanta shi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Me zai sa mutum ya bar littafin da aka gama, mai launi, mai tsabta, ya zauna yana ƙura wa zane-zanen gwaji ido? Akwai masu cewa ƙauna ce kawai, wai wanda ya so tsuntsu sai ya so har gashinsa. Akwai masu cewa kasuwa ce, kamfanoni na tatsar sunan mamaci. Duka biyun da gaskiya a ciki, amma ba su isa amsa ba. Abin da na fahimta shi ne, littafin da aka buga yana nuna maka hukuncin da mai zane ya yanke, kundin gwajinsa kuwa yana nuna maka yadda ya kai ga hukuncin. Wanda ya taɓa ganin na biyun, kallonsa ga na farkon ma sai ya canza.

Kafin a gane haka, sai an san irin doguwar hanyar da zane ke bi daga teburin mai shi zuwa hannun mai karatu, musamman a Amurka tsakanin shekarun 1940 da 1970. A can aikin mujallar labarin zane rarrabe yake kamar na masana'anta. Wani ya zana da fensir a kan babbar takarda mai kauri. Wani ya rubuta kalmomin da ke bakin mutanen. Wani ya bi fensirin da tawada, da burushi ko alƙalami, sannan a sa magogi a share fensirin gaba ɗaya. A ɗauki hoton shafin a rage girmansa. Wani kuma ya zaɓi launuka daga cikin 64 kacal da tsarin ɗab'in lokacin ya ba da dama, a buga da ƙananan ɗigo a kan takardar jarida mai arha wadda ke shan tawada tana bazawa. Ka lura da mataki na uku: zanen asali, wanda ya fito daga hannun mutumin da ya ƙirƙiro shafin, gogewa ake yi. Wannan ba haɗari ba ne, haka tsarin yake. Ke nan miliyoyin yara sun tashi suna ƙaunar zanen wani mutum alhali ba su taɓa ganin layin hannunsa ba ko sau ɗaya.

Babu wanda wannan ya fi shafa kamar Jack Kirby, wanda aka haifa a New York a 1917 ya rasu a 1994. Shi da Joe Simon suka fito da Captain America a 1941, shi da marubuci Stan Lee kuma suka kafa yawancin jaruman kamfanin mujallun zane na Marvel daga 1961: Fantastic Four, Hulk, Thor, X-Men, har da Black Panther a 1966. Kirby ba ya bin zanensa da tawada a waɗannan shekaru, ba shi da lokaci, don a wasu ranaku shafi huɗu ko biyar yake zanawa. Saboda haka fuskar aikinsa ta dogara ga wanda shafin ya faɗa hannunsa. In Joe Sinnott ne, sai ka ga layi mai santsi da sheƙi, an tausasa kaifin fuskoki. In Vince Colletta ne, wanda ya shahara da sauri har editoci ke ruga masa in lokaci ya ƙure, sai ka ga layi siriri, wani lokaci ma an share mutum guda daga bayan fage ko an mai da gini mai tarin ado ya zama fili. Ba zan ɗora wa Colletta laifin duka ba, tsarin biya a kan kowane shafi ne ya sa sauri ya fi inganci daraja. Amma asarar ta tabbata.

Abin da ya ceci tarihi shi ne, daga farkon shekarun 1970 Kirby ya riƙa ɗaukar kwafin shafukansa na fensir da na'ura kafin ya aika da su. Waɗannan kwafe-kwafe, duk da dishi-dishinsu, su ne suka buɗe wa mutane ido bayan mutuwarsa, lokacin da wata mujalla da aka kafa a 1994 don nazarin aikinsa ta riƙa buga su. A ciki za ka ga fensir mai laushi da aka danna da ƙarfi, baƙin wuri an cike shi da gefen bakin fensir har ana ganin inda hannu ya bi ya dawo. Nauyin dutse, taurin ƙarfe, zafin wuta, duk suna nan cikin toka-toka kafin tawada ta mayar da komai baƙi da fari. Ni a ganina wanda bai ga fensirin Kirby ba, rabin Kirby ya sani.

Akwai kuma rubutun gefe. A tsarin da Marvel ta bi a shekarun 1960, ba cikakken rubutaccen labari ake ba mai zane ba. A tattauna a taƙaice, shi ya je ya tsara shafukan, daga baya marubuci ya sa magana. Don marubucin ya gane abin da ke faruwa, Kirby kan rubuta bayani da fensir a gefen kowane akwati, wato kowane hoto guda na cikin shafin: wane ne ke magana, me yake nufi, me ya tsorata shi. A maɗaba'a gefen nan ba ya fita. Sai da shafukan asali suka shiga hannun jama'a aka ga yawan labarin da ke fitowa daga teburin mai zane, kuma wannan ne ya ba tsohuwar gardamar wa ya ƙirƙiri me tsakanin Kirby da Stan Lee hujjar da za a iya taɓawa da hannu. Stan Lee da kansa ya sha faɗin cewa jarumi Silver Surfer, wanda ya fara bayyana a 1966, a shafukan Kirby ya tarar da shi ba tare da sun yi maganarsa ba. To ka ga, sha'awar takardun gwaji ba ta tsaya ga kyau ba, akwai batun haƙƙi a ciki.

Sai dai zuciyar al'amarin, a wurina, tana wurin Hergé. An san shi da layi mai tsabta, kauri ɗaya, babu inuwa, babu rawar hannu, salon da wani mai zane ɗan Holan, Joost Swarte, ya raɗa wa suna tsabtataccen layi a 1977. Wanda ya kalli shafin Tintin da aka buga zai ɗauka mutumin nan bai san kokwanto ba, kamar layin daga sama yake sauko masa. Shafukansa na fensir sun ƙaryata haka sarai. Hargitsi ne: hannun mutum ɗaya an zana shi sau biyar a wuri guda, ƙafa ta miƙe an lanƙwasa ta an sake miƙewa, gefen takarda cike da fuskoki da ake gwada yanayinsu. Shi da bakinsa ya bayyana cewa yakan zana ya soke ya goge ya sake, da zafin rai, har wani lokaci ya huda takardar. Bayan haka sai ya ɗora takarda mai shara-shara a kai, ya zaɓi layi ɗaya daga cikin tarin, wanda ya fi rai kuma ya fi sauƙi, ya kwashe shi zuwa sabuwar takarda.

A nan ne kundin gwaji ke yin abin da littafin da aka gama ba zai iya ba. In ka ga layi ɗaya, iyakarka ka ce ya yi kyau. In ka ga biyar, huɗu an bari ɗaya an ɗauka, sai ka fara tambayar dalili. Me ya sa wannan gwiwar hannu ta fi waccan? Ka duba ka sake dubawa, can sai ka gane cewa a wadda aka zaɓa nauyin jiki ya karkata gaba, mutumin da gaske gudu yake yi, sauran huɗun kuwa tsayuwa ce mai kama da gudu. Babu malamin da ya gaya maka, takardar ce ta koya maka. Ka tashi daga mai kallo ka zama abokin shawara, ko da bayan shekara sittin ne. Wannan jin, na zama kusa da gwani a lokacin da shi ma bai san amsa ba tukuna, shi ne nake ganin yake kama mutane, ko masu zane ne ko waɗanda ba su taɓa riƙe fensir da niyyar zane ba.

Kuma akwai sanyin zuciya a ciki, musamman ga mai koyo. Yaron da ya kwatanta zanensa da shafin da aka buga zai karaya, don yana gwada farkon aikinsa da ƙarshen aikin wani. In ya ga cewa gwanin ma ya kasa dokin nan sau uku kafin ƙafafun su zauna, sai ya fahimci cewa gwaninta ba rashin kuskure ba ce, saurin gane kuskure ce da sanin inda za a nufa daga nan.

Wani ɓangaren kuma shi ne abin da hannu ke yi in ba wanda ya biya shi. John Buscema, wanda ya shafe shekaru yana zana Conan da jaruman Marvel, bai ɓoye cewa jarumai masu rigar roba da dogayen gine-gine da motoci ba su ne abin sonsa ba. Abin da yake so jikin ɗan Adam ne da dabba. Masu tara shafukansa na asali sun san cewa in ka samu ɗaya sai ka juya bayansa, domin a nan yakan zana abin da ransa ke so: mayaƙi a kan doki, tsoho mai gemu, mace a zaune, damisa tana miƙa. Da yawa suna ganin bayan takardar ya fi gabanta, kuma na fahimci dalilinsu. A gaba yana cika umarni ne, a baya yana hutawa. André Franquin na Beljiyam shi ma yakan cika takardu da ƙananan dodanni da siffofi marasa suna yayin da ake zaman taro, hannu na tafiya kunne na sauraro. Alex Toth kuwa, wanda ya tsara siffar Space Ghost, jarumin zanen talabijin, a 1966 kuma ya shafe rayuwarsa yana wa'azin a rage layi a bar abin da ya zama dole, wasiƙunsa ne kundinsa: rubutun hannu da manyan baƙaƙe, gefe cike da 'yan zane-zane, har aka tattara waɗanda ya aika wa wani abokinsa aka buga a 2006, shekarar da ya rasu. A irin waɗannan takardu kana ganin abin da mutum ke komawa gare shi shekara da shekaru, abin da ya dame shi, abin da bai taɓa jin ya ƙware a kai ba.

Wani lokaci ma takardar aiki ce zalla, ba a yi ta don kowa ya gani ba. Wally Wood, gwanin mujallun EC da MAD, ya yi wa kansa da mataimakansa 'yan ƙananan zane-zane na hanyoyin tsara akwati in mutane biyu na ta surutu babu abin da ke motsi: a kawo babban kai kusa, a mai da mutum inuwa baƙa ƙirin, a leƙo ta taga, a bar fili fari. Tsohon mataimakinsa Larry Hama, da ya zama edita a Marvel, ya haɗa 22 daga ciki a takarda ɗaya ya riƙa raba wa masu zane. Kwafi ya haifi kwafi, har ta zagaya duniya. Takardar da aka yi don a rage wahala ta zama darasi, kuma ta nuna cewa abin da mai karatu ke ɗauka ilhama ce, sau da yawa dabara ce da aka tanada tun kafin a buƙace ta.

To amma kada a ɗauka duk abin da aka rubuta wa kundin gwaji a bango shi ne. Nan ne nake da ƙorafi. Da kasuwar ta buɗe, sai aka fara buga littattafai masu wannan suna waɗanda a gaskiya tarin hotuna ne gamammu, an zaɓo masu kyau, an share datti da kwamfuta, an jera jarumai suna tsaye suna nuna ƙwanji. Babu layin da aka bari, babu gazawa, babu bincike. Wannan baje koli ne, kuma ba laifi ba ne, amma ba shi muke nema ba. Ko shahararren kundin da Kirby ya cika da zanen jarumansa ya ba matarsa Roz kyauta, wanda aka buga a 1987, na wannan rukuni ne: kyauta ce ta ƙauna, kowane shafi a gama yake. Darajarsa ita ce fensir ne tsantsa ba tawadar kowa, ba wai yana nuna kokwanto ba. Hasali ma waɗanda suka zauna kusa da Kirby yana aiki sun ba da labarin cewa ba ya yawan gwaji, yakan fara daga kusurwa ya gangara kamar yana bin hoton da shi kaɗai ke gani a takardar. Jean Giraud na Faransa, wanda aka fi sani da Moebius, ya cika wani ƙaramin kundi da hotunan hamada kai tsaye da tawada ba fensir a ƙasa, aka buga a 1999. Irin waɗannan sun nuna iyakar maganata: akwai masu zanen da gwajinsu a kai yake faruwa, takarda sakamako kawai take gani. A wurinsu abin da kundi ke bayarwa daban ne, wato ganin layi yana tafiya ba tare da hanyar komawa baya ba.

Batun kuɗi ya ƙara dagula lissafi. A da, kamfanonin Amurka ba su ɗauki shafin asali a bakin komai ba: a jibge a sito, a ba baƙo kyauta, wani lokaci a lalata. Sai a shekarun 1970, bayan matsin lamba daga masu zane irin su Neal Adams, aka fara mayar wa masu shi. Kirby sai a 1987, bayan doguwar takaddama, ya karɓi kimanin shafi 2,000 daga cikin fiye da 10,000 da ya zana wa Marvel. Yau kuwa labari ya sha bamban. A watan Janairu na 2021 aka yi gwanjon wani zanen bangon littafi da Hergé ya yi a 1936, wanda ba a yi amfani da shi ba saboda tsadar buga launukansa, da alamun ninki a jikinsa, aka saye shi kusan Yuro miliyan 3.2 a Paris. Robert Crumb ma, mai zane ɗan Amurka, da zai koma kudancin Faransa a 1991, da kundayen zanensa ya yi musayar gida. Ina murna da masu zane da iyalansu suka fara cin moriyar guminsu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, in kowace takarda ta zama dukiya, kundi ya fi kawo kuɗi in an yayyage shi an sayar ɗaya-ɗaya. Alhali ma'anar kundi a jere take: shafi na 12 ya kasa, na 13 ya matso, na 15 ya samu. In aka raba su gida uku a ƙasashe uku, kowa ya samu hoto, amma tunanin da ya haɗa su ya tafi.

Shi ya sa nake ganin aikin ɗakunan ajiya da masu buga kwafi na gaskiya ya fi na 'yan gwanjo muhimmanci. A 2008 wani da bai so a ambaci sunansa ba ya ba Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka shafuka 24 na asali na mujallar da Spider-Man ya fara fitowa a cikinta a 1962, zanen Steve Ditko, da farin fentin gyara da rubutun edita a gefe duk suna nan. A 2009 aka buɗe gidan tarihin Hergé a garin Louvain-la-Neuve na Beljiyam. Daga 2010 kuma kamfanin IDW ya fara buga shafukan asali a girmansu na ainihi, an ɗauki hotonsu da launi duk da baƙi da fari ne, don a ga shuɗin fensir, da tabon manne, da inda aka kankare da reza. Wannan shawara ta a bar datti ya fito ita ce daidai, domin dattin shi ne labarin.

Masu zane na yau da yawa a kan allon kwamfuta suke aiki, kuma ba na cikin masu cewa hakan ya rage musu gwaninta. Sai dai maɓallin komawa baya yana share kuskure ba ya barin tabo. Layuka huɗun da aka bari ba sa zama a ƙarƙashin na biyar, sai in mai zanen ya yi niyyar adana su. Wataƙila wannan na cikin abin da ya sa tsofaffin kundaye ke ƙara shiga rai yanzu: takarda ba ta iya mantuwa, ko an goge sai ta riƙe gurbin fensir.

Saura tambaya ɗaya da ba na so in tsallake, ta izini. Kundin gwaji wuri ne da mutum ke sakin jiki saboda ya san ba mai kallo. In ya mutu aka buga, anya ba a shiga masa ɗaki ba sallama ba? Wani lokaci an shiga, kuma ya kamata magada da masu bugawa su ji nauyin haka, su bambance takardar aiki da takardar sirri. A batun Hergé, ya bayyana tun yana raye cewa ba ya son wani ya ci gaba da Tintin bayansa. Tsohon mataimakinsa Bob de Moor, wanda ya iya kwaikwayon hannunsa fiye da kowa, ya so ya kammala labarin, kuma da an bar shi da ya fito da littafi mai tsabta wanda yawancin masu karatu ba za su gane bambanci ba. Matar Hergé ta ƙi, ta zaɓi a buga takardun yadda ya bar su. Ina ganin ta yi daidai. Da an kammala, da wani ne ya zaɓar masa layi daga cikin biyar ɗin, a shafi bayan shafi, aka kuma sa sunansa a bango. Yadda aka buga shi, layukan duk suna nan, har da sunayen da ya rubuta ya soke da hanyoyin da labarin zai iya bi waɗanda bai yanke shawara a kansu ba, kuma Tintin na nan a akwatin ƙarshe yana tafiya, bindiga a bayansa.